Fili, Guzuri da Ganuwa: Me Muke Nema a Wasan Yaƙi?

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa tsakanin masu son wasannin yaƙi na kwamfuta da waya: "Na ƙure wannan, wanne ne mai kama da shi?" Amsar da aka fi bayarwa ta duban riga ce. Wanda ya so wasa mai tankoki sai a nuna masa wani mai tankoki, wanda ya so mai dawakai sai a miƙa masa mai dawakai. Ya ƙona datarsa ya sauke, ya taɓa kwana biyu, ya goge. Kama da wane ba ta wane.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san inda gizo ke saƙar. Shagunan intanet irin su Steam da Play Store suna haɗa wasanni ne ta hanya biyu: ko ta laƙabin da aka manna musu, kamar "yaƙi" ko "tarihi", ko ta bin sawun jama'a, wato waɗanda suka sauke wancan sun sauke wannan. Babu wadda ke tambayar mutum abin da ya zaunar da shi har batirinsa ya mutu. Mutum biyu za su raba dare a wasa ɗaya, ɗaya yana jin daɗin gina gari, ɗaya yana jin daɗin rusa na wani. In suka tashi neman na gaba, hanyarsu ba za ta zama ɗaya ba.

Tarihin waɗannan wasanni yana nuna yadda dalilan suka rarrabu. Tarihin kwarin Gulbin Sakkwato kuma, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, yana nuna abin da kowane dalili ke ci idan ya sauko daga allo ya taka ƙasa.

Daga dara zuwa linzamin kwamfuta

Tun kafin a san lantarki, ƙasa da yatsa sun ishe mu. A gindin bishiya ko bakin kasuwa ake haƙa gurabu 30, layi biyar na gida shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da kara, wancan da tsakuwa. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga tafiya gida-gida, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Dasawa sannan karawa: wannan shi ne ƙashin bayan kowane wasan dabarun yaƙi har yau. Wasan ya shiga harshe har muna cewa dara ta ci gida, muna kuma cewa in ana dara fid da uwa ake.

Amma dara tana da sharuɗɗa biyu da yaƙi ba shi da su. Kowa yana ganin komai, kuma kowa yana jiran a zo kansa.

Sharaɗin farko ya faɗi ne a Berlin. A 1824 wani ƙaramin hafsan sojan Purusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa shugabanninsa wasan da mahaifinsa ya fara ƙirƙira, shi kuma ya gyara, mai suna Kriegsspiel. Ana yin sa a kan taswirar ƙasa ta gaske, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin rundunoni. Sabon abin da ya zo da shi shi ne alƙali. 'Yan wasa suna rubuta umarni su miƙa masa, shi kaɗai ya san inda kowa yake, kuma ba ya nuna wa kwamanda sai abin da sojojinsa za su iya hangowa. Wannan duhun da ke rufe sauran taswira shi ake kira hazon yaƙi. Rundunar Purusiya ta karɓi wasan don horar da hafsoshi, kuma bayan ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo.

Sharaɗi na biyu ya jira kwamfuta. A 1992 kamfanin Westwood na Las Vegas a Amurka ya fitar da Dune II. A cikinsa kana tono arziki daga ƙasa, ka mayar da shi kuɗi, ka gina masana'anta, ka fitar da mayaƙa, duk da linzamin kwamfuta, abokin gaba kuma yana yin nasa a lokaci guda ba tare da ya jira ka ba. Daga nan aka sami abin da za mu kira wasan dabarun yaƙi na nan-take. Warcraft ya biyo a 1994, Command & Conquer a 1995, Red Alert a 1996, Age of Empires a 1997, StarCraft a 1998, Generals a 2003. Yawancinmu a nan mun gamu da su a makare, a kwamfutocin gwanjo da faya-fayan da ake kwafa hannu zuwa hannu, kafin wayar hannu ta kai su aljihun kowa.

Masu auna dalili

Tun wasannin suna ƙuruciya aka fara tambayar me ya sa mutane ke yin su. A 1996 Richard Bartle, ɗan Ingila da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiri wasan intanet na farko mai tara jama'a da yawa, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman cin maki, masu yawon bincike, masu neman abokai, da masu jin daɗin kayar da wasu. A 2015 Nick Yee da Nicolas Ducheneaut suka kafa kamfanin Quantic Foundry, suka yi wa dubban ɗaruruwan 'yan wasa tambayoyi, suka fitar da dalilai 12 da ke tafiya biyu-biyu. Ɓarna tana tafiya da zumuɗi, gasa da zumunci, ƙalubale da dabara, kammalawa da ƙarfi, mafarki da labari, ƙira da bincike.

Amfanin wannan awo shi ne yana tsallake riga ya duba jiki. StarCraft da Stronghold laƙabinsu ɗaya a shago, amma masu son su ba abu ɗaya suke nema ba. Mai son StarCraft ɗan dara ne da aka cire wa jira: mutum yake so a gabansa, ya kayar da shi, a ga matsayinsa ya hau. A Koriya ta Kudu wannan wasa ya zama sana'a tun wajen 2000, ana nuna shi a talabijin, ƙwararru suna ba da umarni sama da 300 a minti ɗaya. Wanda gasa ce ke motsa shi, StarCraft II da karawar intanet ta Age of Empires II ne gidansa, a waya kuma Clash Royale, ko da babu tanki ko ɗaya a ciki.

Sauran dalilan sun fi buƙatar a zauna a kansu, kuma tarihinmu ya riga ya yi musu bayani. Ba muna mayar da jinin magabata abin wasa ba ne. Muna duban abin da suka fuskanta ne don mu gane abin da masu ƙirƙirar wasanni suka ɗauka da abin da suka bari.

Mai fili

A watan Yuni na 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta gamu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tabkin Kwatto, kusa da Gudu. Yunfa ya zo da 'yan lifidi, wato dawakai da mahaya cikin rigunan auduga masu kauri da kibiya ba ta saurin hudawa, ga kuma Azbinawa a bayansa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakansu kimanin 20. A lissafin kayan yaƙi babu gami. Amma 'yan baka suka tsaya ba su watse ba, suka karya harin dawakai, Gobirawa suka juya. Wata shida bayan haka, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, jama'ar da ta yi wannan nasara ta yi asarar kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Mutanen su ne dai, fili da lokaci ne suka canza.

Akwai ɗan wasan da wannan kaɗai ke burge shi: yadda kaɗan ke cin yawa saboda wurin tsayuwa, da lokacin kai hari, da ƙarfin zuciya. Gina gari yana gundurarsa. In ya ce yana son Generals, abin da yake tunawa shi ne ranar da ya yi wa ayarin tankoki kwanton ɓauna da 'yan tsirarun sojoji. Zuriyar wasanninsa ta faro daga Close Combat na 1996, inda soja ke iya firgita ya ƙi bin umarni. Ta biyo ta Total War, wanda ya fara da Shogun a 2000 ya yi suna da Rome a 2004, inda runduna ke watsewa idan aka ɓullo mata ta baya ko shugabanta ya faɗi. Ta iso Company of Heroes na 2006, inda katangar da soja ya fake a bayanta ta fi yawan harsashinsa muhimmanci. Rome: Total War da Company of Heroes duk suna kan wayoyin Android yanzu, sai dai suna son waya mai ƙarfi. Ɗaya na Rumawa ne da masu, ɗaya na Yaƙin Duniya na Biyu ne, amma a wurin mai fili ɗanɗanonsu ɗaya.

Mai guzuri

Bayan Tsuntsuwa, yunwa ta fi Gobirawa matsa wa jama'ar Shehu. A farkon 1805 suka gangaro ƙasar Zamfara suka sauka a Sabon Gari. Zaɓin yana da dalili. Zamfarawa suna da tsohon miki tun shekarun 1760, lokacin da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙasarsu. Shehu kuma ya yi shekaru wajen biyar yana wa'azi a cikinsu tun kafin jihadi. Daga Sabon Gari aka fita aka ci Birnin Kebbi a watan Afrilu na 1805.

Sai dai dubban mutane da dabbobinsu ba sa cin nasara, hatsi da ciyawa suke ci. Nauyin ciyar da su ya faɗa kan rumbunan Zamfara, masu fita neman abinci suka riƙa wuce gona da iri, abota ta yi tsami, garuruwa da dama suka juya baya. Kafin shekarar ta ƙare jama'a ta koma Gwandu. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a 1808.

Wannan shi ne ɓangaren yaƙi da maroƙa ba su cika wasawa ba, amma akwai ɗan wasan da shi yake nema. Daɗinsa shi ne ya ga komai na gudana: ma'aikata ba sa zaman banza, masana'anta ba ta tsayawa, abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita. Total Annihilation na 1997 ne ya fara mayar da arziki kamar ruwan famfo mai shiga da fita a kowace daƙiƙa, Supreme Commander na 2007 ya faɗaɗa shi, Beyond All Reason kuma ya gaje su, kyauta. A Cossacks, na wani kamfanin Yukiren, idan abinci ya ƙare sojoji mutuwa suke yi tun ba a harbe su ba. A jerin Wargame da ya fara a 2012, tankin da mai ya yanke masa dutse ne kawai a hanya. A waya akwai Mindustry, inda aikinka shi ne shimfiɗa hanyoyin da ke kai wa bindigogi harsashi, da Rusted Warfare, wanda ba ya buƙatar waya mai tsada kuma ana yin sa ba tare da data ba.

Abin da waɗannan wasanni suka bari shi ne mai rumbu. A allo, zinariya da itace da gona ba su da mai su, ba sa fushi, ba sa ƙulla gaba. A Zamfara ta 1805 kowane dami yana da wanda ya noma shi, kuma fushinsa ya isa ya tayar da runduna daga sansaninta.

Mai ganuwa

Da aka ci yaƙi sai aka shiga aikin riƙe ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bi hanyar ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da makiyaya, su yi noma su yi tsaro. Wurno ce ta fi shahara, a can ya zauna, a can ya rasu. Bakura na cikin garuruwan da ake lissafawa a wannan tsari ta fuskar Zamfara. Ganuwar ƙasar Hausa kuwa ba tarin ƙasa ba ce kurum. Akwai gwalalo a bayanta, da sarƙaƙiyar ƙaya, da ƙofofi ƙanana da doki ba ya shiga a guje, da fili a ciki da za a noma idan an kewaye gari.

Mai ganuwa shi ne ɗan wasan da abokansa ke yi wa dariya don ya ƙi fita yaƙi. Yana jera hasumiya, yana gyara ƙofa, yana son a zo a same shi. Stronghold na 2001 da Stronghold Crusader na 2002 don shi aka yi su, haka ma dogayen wasannin Age of Empires II da ake yi da kwamfuta ba da mutum ba, da 0 A.D. wanda kyauta ne. Stronghold ya zo da wata hikima: akwai ma'aunin farin jinin sarki. Ka tsananta haraji ko ka rage abinci, sai talakawa su fara fita ta ƙofar da ka gina, ka wayi gari da ganuwa babu mai hawa kanta. Tarihi ya san wannan. A 1891 Mafara ta yi wa Sakkwato bore, sai da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya murƙushe shi da ƙarfi, shekaru sama da 80 bayan faɗuwar Alƙalawa. Katanga tana tare na waje, ba ta sayen zuciyar na ciki.

Akwai kuma wani abu a daɗin mai gini da ya kamata mu lura da shi. Yana kallon ƙasa ne daga sama, ya danna sau ɗaya, daji ya zama fili. Mutanen wannan yanki sun taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan kallo. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, a takarda shiri ne mai kyau: ruwa a nan, magudanai a can, noman rani a tsakani. A ƙasa kuwa gonaki da gidaje da itatuwan mutane ne. Manoma suka nemi diyya, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka da yawa. Taswira ba ta nuna wanda ke zaune a kanta.

Mai labari

Wani kuma ba nasara ce ta dame shi ba, so yake ya shiga wata duniya ya zauna. Shekara da shekaru irin wannan ɗan wasa a ƙasar Hausa yana zama Barume ko Bajamushe ko Ba'amurke, don babu nasa a jeri. A 2015 Age of Empires II ya ƙara daular Mali da Habasha. Sai ranar 2 ga Agusta, 2021, Microsoft ya fitar da ƙarin The African Royals na Age of Empires III, Hausawa suka shigo a matsayin al'umma mai cin gashin kanta. Birninsu Kano, jagorarsu Sarauniya Amina, mayaƙansu sun haɗa da ɗan lifidi da Maigadi da Fulani 'yan baka, akwai maroƙi mai kiɗa a fagen fama, ana kiwon shanu a sayar, kuma idan ka danna mutum da Hausa yake amsawa.

Mai labari zai ji daɗi, zai kuma ga inda aka dunƙule. Amina ta Zazzau ce, ga ta a kan Kano. Gobir da Zamfara da Kabi da Katsina, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna gwabzawa da ƙulla amana da warware ta, duk sun zama launi ɗaya a taswira. Duk da haka ƙofa ce ta buɗe. Yaron da ya ga kalmar lifidi a wasa ya je ya tambayi kakansa ma'anarta ya riga ya ci riba. Irin wannan ɗan wasa, jerin yaƙe-yaƙen tarihi na Age of Empires da na Total War ne za su riƙe shi, karawar intanet kuwa za ta kore shi a mako guda.

Mai hari

Saura dalili ɗaya, wanda ya fi kowanne kawo kuɗi. Clash of Clans, na kamfanin Supercell na Finland, ya fito a 2012. Tsarinsa a taƙaice: ka gina ƙauyenka, ka tara mayaƙa, ka afka wa ƙauyen wani yana barci, ka kwashe abin da ya tara. Boom Beach na 2014 da ɗaruruwan masu kwaikwayo duk a kan wannan suke. Suna ciyar da son ɓarna da son ƙarfi, suna kuma sayar da haƙuri: gini zai ɗauki kwanaki, sai dai in ka biya. Wanda ya zo neman dabara ya faɗa nan saboda ya ga hoton soja, zai tarar aljihu ya fi kai aiki. Ko a manyan wasannin kwamfuta, dabarar da kowane ƙwararre ya sani ita ce ka bar sojojin abokin gaba, ka zagaya ka kashe ma'aikatansa a gona. Wanda ba ya girbi ba ya yaƙi.

A nan ne alƙalami ke nauyi, domin mun san wannan dabara ba daga allo ba. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Mako biyu bayan Hausawa sun shiga Age of Empires III, a tsakiyar Agusta, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka aka ba da umarnin rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, an kuma hana sayar da mai a jarka. Makonni da yawa hazon yaƙi ya sauka a kan talaka: ba ya jin ɗan'uwansa, ba ya sanin wace hanya ce lafiya. Ƙauyuka da dama sun san biyan kuɗi kafin a bar su su yi shuka ko girbi.

Wasa bai kawo wannan ba. Hari ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru, kuma tushen na yanzu yana cikin rikicin ƙasa da kiwo, da rashin adalci, da yawan makamai, da raunin hukuma. Mai yin Clash of Clans ba ɓarawon daji ba ne, kamar yadda mai dara ba mayaƙi ba ne. Abin lura shi ne wurin zamanmu. Ɗan wasa a Helsinki ko Seoul kwamanda ne kawai. Ɗan wasa a Bakura kwamanda ne a allo, idan ya ajiye waya kuma shi ne ɗan ƙaramin mutumin nan mai fartanya da ake zagayowa a kashe. Wasanni kaɗan ne suka taɓa kallon yaƙi ta idonsa. Wanda ya fi shahara shi ne This War of Mine na 2014, na wani kamfanin Poland, wanda ya ɗauko hoton ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo daga 1992 zuwa 1996. Babu runduna a hannunka, farar hula ne a rusasshen gida, nasararka ita ce su kai gobe. Ba ya cikin jerin wasannin nan-take, kuma babu shagon da zai nuna wa mai son Generals shi. Amma mai labari da mai guzuri da yawa za su tarar shi suke nema tun farko.

Kafin a ƙona data

Saboda haka idan ƙani ko aboki ya ce a nemo masa mai kama da wanda ya ƙure, kada a tambaye shi ko tanki yake so ko doki. A tambaye shi wane lokaci ne ya fi masa daɗi a wasan: sa'ad da garinsa ya cika, ko sa'ad da dabararsa ta kama, ko sa'ad da ya ga sunan wanda ya kayar. A tambaye shi me ke sa shi kashe wasan: jira, ko gaggawa, ko rashin labari. A tambaye shi kuma ko zai ci gaba da yi in babu kowa a ɗaya gefen sai kwamfuta. Amsoshin nan uku sun fi duk laƙabin shago kai mutum gida.

Mu masu rubuta manhaja kuma akwai tambayar da ta rage mana. A watan Fabrairu na 2025 kamfanin EA ya saki asalin rubutun manhajar Generals da Red Alert ga duk mai son karantawa, na 0 A.D. da Mindustry kuwa dama a buɗe suke. Kayan aiki ba su ne matsala ba yanzu. Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara yana iya buɗe su ya ga yadda aka ɗinka hazon yaƙi layi bayan layi. Abin da babu a cikinsu shi ne abin da ya taso yana gani: cewa rumbu yana da mai shi, ganuwa tana buƙatar yardar na ciki, kuma a ƙauyen da ke bakin daji babbar nasara ita ce gero ya shigo gida, yara su dawo daga makaranta. Wasan da zai auna nasara da wannan ma'auni yana jiran marubucinsa, kuma 'yan wasansa suna nan tsakanin Maradun da Bakura, da wayoyinsu a hannu.